Yadda Ake Haɗa Gahawar Esfireso Mai Kyau a Gida da Ƙaramin Inji Mai Famfo

Na shafe shekaru ina haɗa esfireso kowace safiya a gidana da ke Jos, da ƙaramin inji irin wanda ake samu a shagunan kayan lantarki ko a wurin masu kayan gwanjo. A tsawon wannan lokaci na ga mutane da dama sun sayi irinsa da ɗoki, sun gwada shi na mako biyu, abin da ya fito ya yi tsami kamar ruwan tsamiya ko ya yi ɗaci kamar maɗaci, daga nan suka mayar da shi kwali suka ɗora a kan kabad. Da wuya laifin ya zama na injin. Yawanci matsalar tana wurin niƙa, da tsufan gahawar, da rashin awo, kuma dukkansu abubuwa ne da mutum zai iya gyarawa a kicin ɗinsa.

Esfireso gahawa ce da ake samu ta hanyar tura ruwan zafi da ƙarfi ta cikin garin gahawa mai laushi da aka danne, cikin sakan 25 zuwa 30, har a samu ɗan abin sha mai kauri wanda bai cika finjali ba. A Italiya aka ƙirƙiro ta, kuma tun daga injin Faema E61 na shekarar 1961, wanda ya yi amfani da famfon lantarki, matsin da aka saba aiki da shi shi ne bar 9 (bar shi ne ma'aunin matsi). Idan ka ga an rubuta bar 15 ko bar 20 a jikin kwali, wannan iyakar ƙarfin famfon ne kawai, kuma ba ya nuna cewa gahawar za ta fi daɗi. Abin da kake buƙatar riƙewa shi ne, garin gahawar ne yake tare ruwan har matsi ya taru. Idan garin ya yi gauri, ruwa zai wuce da gudu bai ɗauko daɗin ba. Idan kuma ya yi laushi fiye da kima, ruwa zai daɗe a ciki ya kwaso ɗaci.

Kayan aiki

Na farko shi ne injin kansa. Kafin ka biya kuɗi, musamman idan na gwanjo ne, juya shi ka karanta takardar da ke ƙasansa. Wutarmu a Najeriya bolt 230 ce, amma injin da aka yi domin Amurka na bolt 120 ne, kuma idan ka jona shi kai tsaye zai ƙone nan take. Duba kuma yawan wutar da yake ja: mafi yawansu suna tsakanin wat 1,000 da 1,500, wato kusan daidai da dutsen guga, don haka ƙaramin janareto ba zai ɗauke shi ba, ƙaramar inbata ma haka. Injin yana zuwa da wani abu mai hannu da ake ɗaura masa, wanda zan kira ludayi, kuma a cikinsa ake sa ƙaramar rariyar ƙarfe da ke ɗaukar gari. Auna faɗin rariyar, domin da shi za ka sayi sauran kaya: ƙananan injinan De'Longhi yawanci milimita 51 ne, Gaggia Classic kuwa milimita 58.

Ɗaga rariyar ka kalli ƙasanta ta waje. Idan ka ga rami ɗaya tak, mai bango biyu ce, wadda aka yi domin ta ƙirƙiro matsi da kumfa ko da garin bai dace ba. Idan ka ga ɗaruruwan ƙananan ramuka, rariya ce ta ainihi. Ƙananan injina kusan duk da mai rami ɗaya suke zuwa. Tana da amfaninta, zan dawo kanta, amma wanda yake son ya kai ga ainihin ɗanɗano sai ya nemi ta biyun, kuma ba ta da tsada.

Na biyu shi ne maniƙa, kuma a nan nake ba da shawarar a kashe kuɗi fiye da ko'ina. Ana buƙatar mai haƙoran ƙarfe da ke murƙushe ƙwaya daidai wa daida, mai wurin saita laushi mataki-mataki. Ta hannu mai kyau ta fi ta lantarki mai arha nesa ba kusa ba, kuma ba ruwanta da ɗauke wuta. Injin markaɗe na kicin sara yake yi, sai ya bar wani ɓangare kamar tsaki wani kamar fulawa. Injin niƙa na kasuwa kuwa, ko da mai shi ya rantse ya share, gahawar za ta fito da ƙanshin barkono da citta.

Sai sikeli ƙarami mai auna har kashi ɗaya cikin goma na giram, irin na masu sayar da zinare, wanda zai shiga ƙarƙashin finjali. Sai madanni na ƙarfe daidai da faɗin rariyarka, domin na robar da ke zuwa da inji ba shi da nauyi kuma yakan bar gefe a sake. Idan babu, gindin ƙaramar kwalba mai shafaffen ƙasa da ta shiga rariyar daidai zai riƙe ka na ɗan lokaci. Kana kuma buƙatar siririyar allura ko tsinken sakace, da tsumma mai tsabta, da agogon wayarka.

Game da gahawar, nemi ƙwaya wadda ba a niƙa ba, mai ɗauke da ranar da aka gasa ta. Ta fi daɗi daga kamar mako ɗaya bayan gashi zuwa mako huɗu ko biyar. Wadda aka gasa jiya tana cike da iska, sai ta yi kumfa mai yawa marar ɗanɗano, wadda ta yi wata shida a shago kuwa ruwa zai ratsa ta komai laushin niƙa. Ana noman gahawa nau'in arabika a tsaunin Mambila da ke jihar Taraba, ana kuma shigo da ta Habasha da Kenya da Ruwanda da Birazil, kuma akwai masu gasawa ƙanana a Abuja da Legas da ke aikawa ta tasha. Ga mai koyo ina ganin matsakaicin gashi ko wanda ya ɗan yi duhu ya fi sauƙi, domin ƙaramin inji ba ya riƙe zafin da gashi mai haske yake buƙata. Gahawar gwangwani da ke narkewa a ruwan zafi ba ta shiga wannan inji ko kaɗan.

Na ƙarshe shi ne ruwa. Ruwan rijiyar burtsatse a wasu unguwanni yana da gishirin ƙasa mai yawa, kuma alamarsa ita ce farin dattin da ke kama cikin butar dafa ruwa. Abin da ya kama butarka zai kama cikin injinka, inda ba za ka gan shi ba sai bututu ya toshe. Yi amfani da ruwan gora ko ruwan da aka tace. Idan na famfo ne mai warin sinadari, bar shi ya kwana a buɗe. Kada ka zuba ruwan batir, domin ba shi da ma'adinin da ke ɗauko ɗanɗano.

1. Ɗumama komai

Cika tanki, ɗaura ludayi babu gari a ciki, ka kunna inji. Fitilar da ke nuna ya shirya takan kama cikin minti ɗaya ko biyu, amma ruwan ciki kawai take nufi, ƙarfen ludayin yana nan da sanyinsa. Ba shi minti 10 zuwa 15. A Jos, daga Disamba zuwa Janairu, lokacin da hunturu yake sa mutum ya kasa taɓa ƙarfe da asuba, wannan mataki shi ne yake raba gahawa mai daɗi da mai tsami. Idan kana sauri, saki ruwan zafi sau biyu ta cikin ludayin ya zuba a finjali, ka ɗumama su tare. Ana son ruwan ya taɓa gari yana tsakanin digiri 90 da 96, kuma ludayi mai sanyi yana iya shanye digiri da yawa kafin ruwan ya gama ratsawa.

Idan wutar ta yi ƙasa, za ka ji ƙarar famfon ta canza, ta yi rauni. A irin wannan hali duk abin da ka saita zai rikice, don haka gara ka jona injin ta sitabilaiza mai ƙarfin ɗaukarsa, ko ka jira wutar ta cika.

2. Auna ka niƙa

Auna ƙwayar kafin niƙa. Rariyar milimita 51 mai cin biyu, wato mai ɗaukar garin esfireso biyu, takan ɗauki giram 14 zuwa 16, ta milimita 58 kuwa kamar giram 18. Zaɓi adadi ɗaya ka tsaya a kansa har sai ka gama saiti. Ka bar ƙaramar rariya mai cin ɗaya a gefe tukuna, domin siffarta ta sa daidaita ta yana da wuya ko ga gwanaye.

Niƙa lokacin da za ka sha, domin garin yana rasa ƙanshinsa cikin mintuna. Laushin da za ka fara da shi ya fi gishirin tebur laushi amma bai kai fulawa ba: idan ka matse shi tsakanin yatsu biyu zai dunƙule kaɗan, kuma za ka ji ɗan gauri. Lokacin hunturu iska takan bushe har garin ya riƙa tashi yana mannewa a jikin maniƙa. Maganin wannan shi ne ka jiƙa bayan cokali da ɗigon ruwa ɗaya ka juya ƙwayar da shi kafin niƙa. Ɗigo ɗaya na ce, domin fiye da haka zai sa haƙoran su yi tsatsa.

3. Zuba ka baza

Cire ludayi ka goge rariyar ta bushe sarai, domin ruwa yana bin inda ya tarar da laima. Zuba garin, sannan ka ɗauki allura ka motsa shi a hankali tun daga ƙasa har sama, kana zagayawa, har duk dunƙulen ya warware kuma saman ya kwanta. Bubbuga gindin ludayin sau ɗaya a kan tebur.

Masu koyo sukan raina wannan mataki, alhali kuwa a nan ake yawan yin asara. Ruwan da ke ƙarƙashin matsi yana neman wuri mafi sauƙi, kamar yadda ruwan sama yake fasa kunya ta inda ƙasa ta yi sako-sako. Idan gefe ɗaya na garin bai cika ba, ruwan zai huda hanya ta nan, ya wanke wannan wurin har ya yi ɗaci, ya bar sauran bai taɓa ba. Sakamakon shi ne finjali mai tsami da ɗaci a lokaci guda, kuma duk canjin niƙar da za ka yi ba zai gyara shi ba.

4. Danna

Ajiye ludayin a kan shafaffen wuri, riƙe madanni kamar yadda ake riƙe mariƙin ƙofa, ka danna kai tsaye har ka ji garin ya daina sauka. Daidaito ya fi ƙarfi muhimmanci, saboda haka duba ko madannin ya karkata. Sau ɗaya ya isa. Kada ka bugi gefen ludayin bayan ka danna, domin yana tsaga garin daga bango. Share bakin rariyar da yatsa, saboda garin da ya rage a nan yana cinye robar injin da ke inda ake ɗaura ludayi.

Idan rariyarka mai rami ɗaya ce, danna kaɗan kawai don saman ya kwanta.

5. Saki ruwa kaɗan, sannan ka ɗaura

Kafin ka mayar da ludayi, saki ruwa na sakan biyu ko uku. Wannan yana wanke tsohon gari daga inda ruwa ke fitowa, yana kuma nuna maka zafin injin. Jos tana kan tudu kimanin mita 1,200, inda ruwa ke tafasa a wajen digiri 96, don haka idan ka ga ruwan yana fitowa da tururi yana huci, ya kai iyakar zafin da ake so ko ya wuce. Bar shi ya zuba har hucin ya tsaya. Idan kuma fitilar ɗumamawa ta kama sakamakon ruwan da ka saki, jira ta nuna ya shirya. Daga nan ɗaura ludayin ka murɗa har ya kama, ka fara nan take, domin garin da ya zauna a jikin ƙarfe mai zafi yana ƙonewa.

6. Zubo kana aunawa

Ɗora finjali a kan sikeli, mayar da shi sifili, ka danna maɓalli tare da agogo. Ma'aunin farawa shi ne abin da ya fito ya ninka garin sau biyu: giram 15 na gari ya ba da giram 30, giram 18 ya ba da 36, cikin sakan 25 zuwa 30. Idan komai ya tafi daidai, sakan biyar zuwa takwas na farko ba za ka ga komai ba, sai ɗigo masu duhu su fara, su haɗe su zama siririn zare mai kauri kamar zuma mai ɗumi, launin yana komawa ruwan ƙasa sannan ya yi haske. Kashe famfon saura giram biyu ko uku, domin ɗigon ƙarshe zai cike.

Idan sikelin bai shiga ƙarƙashin ludayi ba, cire farantin da ke tare ruwa ka sa sikelin a wurinsa. Idan babu sikeli sam, auna cokalin cin abinci biyu na ruwa a finjali ka yi alama, ko da yake kumfa takan ruɗi ido.

Gargaɗi mai muhimmanci: yawancin ƙananan injina ba su da bawul ɗin da ke sauke matsi bayan an kashe. Idan ka murɗe ludayin nan take, musamman lokacin da garin ya toshe, zai fesa maka gari da ruwan zafi. Jira rabin minti, kuma idan ya toshe ɗin ne, buɗe bututun tururi, wanda ake ɗumama madara da shi, kaɗan matsin ya fita.

7. Ɗanɗana ka gyara

Juya da cokali kafin ka kurɓa, domin kumfar sama ta fi sauran ɗaci, ƙasan kuma ya fi kauri. Ɗanɗana babu sukari ko da daga baya za ka zuba, saboda harshenka ne zai gaya maka abin da za ka canza.

Idan giram 30 ya fito cikin sakan 12 ko 15, ya yi tsami kuma ya yi ruwa-ruwa, ƙara laushin niƙa. Idan ya ɗauki sakan 45 yana ɗiga, ya yi ɗaci da bauri irin na ɗanyen goro, rage laushin. Idan lokacin ya yi daidai amma akwai sauran tsami, bar shi ya zuba ƙarin giram biyar, ko ka ƙara lokacin ɗumama inji. Idan lokacin ya yi daidai amma ɗacin ya yi yawa, tsayar da shi da wuri, a giram 25 misali, wanda yakan dace da gashi mai duhu. Idan ka cire ludayi ka ga ƙananan ramuka a saman garin, koma mataki na uku.

Canza abu ɗaya a kowane gwaji. Wanda ya canza niƙa da yawan gari da ƙarfin danni lokaci guda, ko da ya dace, ba zai san abin da ya gyara ba, gobe kuma ba zai iya maimaitawa ba. Ni ina da ƙaramin littafi kusa da inji inda nake rubuta lambar maniƙa, giram ɗin da ya shiga, wanda ya fito, sakan nawa, da kalma ɗaya game da ɗanɗano. Sabuwar jaka takan ci gwaji uku ko huɗu kafin ta zauna. Bayan haka ma za ka riƙa matsa laushin kaɗan yayin da ƙwayar ke tsufa, haka nan idan damina ta shigo iska ta yi laima, saitin da ya yi aiki a watan Janairu zai buƙaci gyara a watan Agusta.

Kada yawan kumfa ya ruɗe ka. Gahawa nau'in robusta tana ba da kumfa mai kauri alhali ta fi ɗaci, rariya mai rami ɗaya kuma tana yin kumfa ko da tsohon gari.

8. Idan babu maniƙa

A nan rariya mai rami ɗaya take da rana. Sayi gari kaɗan, wanda zai ƙare cikin mako biyu, ka gaya wa mai niƙa cewa na esfireso ne. Ajiye shi a kwalba mai marfin da iska ba ta shiga, nesa da rana da murhu, kuma kada ka sa a firji kana fitarwa kullum, domin zai yi gumi ya ɗauki warin abinci. Tun da ba za ka iya canza laushi ba, sai ka yi wasa da yawan gari da yawan abin da ke fitowa: idan ya yi tsami ƙara ruwan da ke zuba, idan ya yi ɗaci rage shi. Ba zai kai na sabuwar niƙa ba, amma da madara yana da daɗi ƙwarai.

9. Madara

Haɗa gahawar tukuna, sannan ka juya injin zuwa tururi. Buɗe bututun kaɗan ruwan da ya taru ya fita. Zuba madara mai sanyi a ƙaramin kofin ƙarfe zuwa kashi ɗaya cikin uku, sa bakin bututun dab da saman madarar na 'yan sakan har ka ji tana shan iska, sannan ka nutsar da shi kaɗan a gefe madarar ta riƙa juyawa. Tsaya da zarar kofin ya yi zafin da hannunka ba zai jure ba, wato wajen digiri 60 zuwa 65. Madarar kwali ta ruwa ta fi sauƙi. Ta gari ma tana yi idan an dama ta da kauri an sa ta yi sanyi sosai, madarar shanu kuwa a tafasa ta tukuna a bar ta ta huce.

Da ka gama, goge bututun da jiƙaƙƙen tsumma ka sake fesa tururi. Sannan mayar da injin kan ruwa ka saki har ya fito babu huci, domin tukunyar ciki ta sake cika. Barin ta a bushe yana ƙona abin da ke ɗumama ruwan.

10. Tsabta

Bayan kowane amfani, zubar da garin, wanke rariya da ludayi, ka saki ruwa ka goge inda ake ɗaurawa. Man gahawa yana daskarewa ya yi wari, kuma zai shiga kowane finjali na gaba. Sau ɗaya a mako, ciro rariyar ka jiƙa ta a ruwan zafi da ɗan sabulun wanke-wanke marar ƙanshi, ka ɗauraye sosai, ka ɗaga ta ga haske ka tabbata ramukan a buɗe suke. Garin da ka zubar yana da amfani a takin lambu, kada ka tura shi a magudanar ruwa ya toshe ta.

Duk wata biyu zuwa uku, gwargwadon ruwan unguwarku, wanke farin dattin da ke kama ciki da maganin da kamfanin injin ya ambata a littafinsa. Idan ba a samu ba, cokalin cin abinci ɗaya na garin sinadarin sitirik, wanda masu sayar da kayan yin kek da lemo suke ajiyewa, a cikin lita ɗaya ta ruwa yana aiki: saki rabi ta wurin ludayi da bututun tururi, kashe injin na minti 15, saki sauran, sannan ka bi da tanki biyu na ruwa mai kyau. Idan ruwa ya fara zuba ta gefen ludayi lokacin da famfo ke aiki, robar da ke sama ce ta taurare. Ciro ta, auna faɗinta, ka sayi sabuwa, kuma gara ka sayi biyu lokaci guda domin ba kullum ake samunta a kasuwa ba.